Daga Zariya Zuwa Kurkukun Matan Johannesburg

Sati uku ke nan da dawowata daga Afirka ta Kudu, sai yau Allah ya ba ni sararin zama in rubuta abin da na gani. Ni ungozoma ce, shekarata 19 ina karɓar haihuwa a Zariya, kuma taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan jinya ne ya kai ni can a watan Agusta. Taron na kwana huɗu ne, an yi lafiya an watse lafiya, ba labarinsa zan ba ku ba. Abin da ya biyo ni har gida wani ginin jan bulo ne a kan tudu a tsakiyar Johannesburg.

Neman biza ya kai ni Abuja sau biyu a jirgin ƙasa, daga Rigasa zuwa Idu. Wasiƙar gayyata, takardar banki, shaidar masauki da katin rigakafin shawara, duk sai da na haɗa, bayan sati huɗu fasfo ya dawo. Ranar tafiya na durƙusa gaban Inna, ta dafa kaina ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce, "Ki riƙe sallarki, ki riƙe fasfonki, kada dare ya yi miki a waje." Baban yara ne ya kai ni Kano a mota. Damina ta zauna, masara ta yi goyo, shinkafar Kadawa kore shar har iyakar ganin ido. Shinge uku muka tarar a hanya. A na ƙarshe, kusa da Kura, jami'in ya sa aka buɗe but, ya ga akwati, ya ce, "Hajiya, Umara za a je?" Na ce a'a, aiki ne. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Jirgin Habasha ya tashi da mu da rana daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka sauka Adis Ababa da daddare. A wurin jira na haɗu da wata babbar sista daga Jos, ita ma taron za ta. Ta girme ni da kusan shekara goma, kuma daga wannan daren har muka dawo ba mu rabu ba. Kafin asuba muka sauka Johannesburg.

Sanyi ne ya fara tarbar mu. Lokacin da muke damina su hunturu suke yi, ga garin a kan tudu, tsayinsa daga bakin teku ya haura mita 1,700. Iska busasshiya irin ta watan Janairu a gida, sai dai babu ƙura. Jami'in shige da fice ya nemi tikitin dawowa da adireshin masauki, ya duba, ya buga hatimi. Akwai masallaci a filin jirgin, nan na yi asuba, nan kuma na gamu da mamakin farko. Mu a gida in an ce gabas an ce alƙibla, har muna cewa mutum ya kalli gabas ya faɗi gaskiya. A can alƙibla kusan arewa take. Sai da na duba wayata sau biyu, na kuma ga inda sahun mata ya fuskanta, kafin hankalina ya kwanta.

Jirgin ƙasa na Gautrain ya kai mu Sandton cikin kamar minti 15, kuɗinsa wajen rand 200, muka canja wani zuwa tashar Park, daga nan muka kira Uber zuwa Mayfair. Hannun hagu suke tuƙi, duk kwanar da direba ya sha sai gabana ya faɗi. Kusan kowace katanga da wayar lantarki a samanta. A Mayfair muka kama ɗaki mai gado biyu a gidan baƙi na wata Hajiya 'yar Somaliya, rand 700 kwana ɗaya, muna rabawa. Unguwar ta Musulmi ce, Somaliyawa da Indiyawa, kana jin kiran salla daga kan gado, nama kuwa ba sai ka tambayi wanda ya yanka ba. Shinkafa da naman akuya rand 80, kuma sai sun ajiye maka ayaba a gefen faranti, da ita suke ci. A wurin taro kuma kullum da pap, wato tuwon farar masara, wanda ba shi da maraba da namu sai rashin miyar kuka. Yajin da na ƙullo daga gida ya yi mana rana.

Kullum in za mu wurin taro sai mun bi wani dogon titi mai suna Albertina Sisulu. A cikin gari kuma na ga titin Lilian Ngoyi, da na Helen Joseph, da na Rahima Moosa. Sunayen ba su ce mini komai ba sai ranar rufe taro, da wata nas 'yar Soweto da muke zama tebur ɗaya ta ce gobe 9 ga Agusta hutu ne, Ranar Mata. Ta ce a rana irin wannan a 1956 mata kusan 20,000 suka yi tattaki zuwa fadar gwamnati a Pretoriya don ƙin dokar fas, wato takardar shaidar da gwamnatin wariyar launin fata ta tilasta wa baƙar fata riƙewa, suka ajiye takardun koke a ƙofar ofishin Firaminista Strijdom, suka tsaya shiru na minti 30. Mata huɗu ne a gaba: Lilian Ngoyi, Helen Joseph, Rahima Moosa da Sophia Williams. Sannan ta koma kan Albertina Sisulu, wadda suke kira MaSisulu, ta dube ni ta ce, "Sista, ke ungozoma ce, MaSisulu ma ungozoma ce. Kada ki bar garin nan ba ki ga ɗakin da aka kulle ta ba."

Jibin ranar muka tafi. Direban da ya ɗauke mu ɗan Zimbabwe ne, da muka doshi Hillbrow ya ce mu sa wayoyinmu a jaka, mu ɗaga gilashi. Da ya ji daga Najeriya muke sai hira ta ɓarke, Sista ta ba shi labarin yadda a 1976 aka yanki wani abu daga albashin mahaifinta, kamar sauran ma'aikatan gwamnati, aka zuba a asusun taimakon Kudancin Afirka. Ya sauke mu a titin Kotze, bakin wurin da suke kira Constitution Hill, wato Tudun Tsarin Mulki. Kuɗin shiga da mai jagora rand 100 da 'yan kai kowace.

Kurkuku uku ne a wuri ɗaya. Na farko tsohuwar ganuwa ce da gwamnatin Paul Kruger ta gina kafin shekarar 1900, inda aka riƙa tsare farar fata maza, ko da yake an ajiye Mandela a ɓangaren asibitinta a 1962. Na biyu shi ne Lamba Huɗu, na baƙaƙen maza da Indiyawa, inda Gandhi ya kwana a 1908. A nan mai jagorarmu, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, wadda take ce mana Mama, ta nuna mana tsakar gidan da ake sa fursunoni su tuɓe tik su yi tsalle suna juyi gaban ganduroba don a tabbatar ba su ɓoye komai a jiki ba. Tauza suke kiran abin. Duniya ba ta yarda ana yi ba sai a 1954, da wani mai ɗaukar hoto na mujallar Drum, Bob Gosani, ya hau saman gidan kwanan nas-nas da ke maƙwabtaka ya ɗauka daga can. Na ɗaga kai ina duban dogayen gine-ginen da ke kewaye, ina tunanin 'yan'uwana ma'aikatan jinya da suka riƙa buɗe taga kullum suna ganin wannan.

Na ukun shi ne na mata, wanda ya fara aiki wajen 1910 aka rufe shi a 1983 tare da sauran.

Wallahi in ba a faɗa maka ba, ba za ka ce kurkuku ne ba. Jan bulo ne mai tsabta, da ƙofa mai ado, kamar tsohuwar makarantar 'yan mata ta zamanin Turawa. Kana shiga sai ka tarar da wani babban zaure mai siffar ƙwai, hawa biyu, da ginshiƙai a zagaye da baranda a sama, haske yana zubowa ta tagogi. Sista ta ce, "Kai, wurin nan ai ya yi kyau da ɗaurin aure." Yarinyar ta ce haka kowa yake cewa. Ta tsayar da mu a tsakiya ta ce mu juya a hankali. Daga inda muke tsaye kowane lungu na ginin a buɗe yake gare mu. Don haka aka gina shi, ganduroba ɗaya ta tsaya nan ta ga kowa. Daɓen da muke takawa, mai sheƙi, mata ne suka riƙa goge shi a kan gwiwoyinsu kowace safiya, shekara sama da 70.

A nan ma launin fata ne ke raba kwana. Farar mace tana da gado, da ɗakin da ba cunkoso. Baƙaƙe kuwa a ƙasa suke kwana kan 'yar shimfiɗa, a jere kamar an shanya dawa, da bokitin bahaya da na ruwan sha a ɗaki ɗaya. Abinci ma kowane jinsi da ma'auninsa, na baƙar fata ne a ƙasa. Mun shiga ɗakunan kaɗaici da ke ɓangaren baƙaƙe. Na miƙa hannuwana biyu, yatsuna suka kusa taɓa bango da bango. Sista ta ja ƙofar ƙarfen ta rufe ni a ciki na ɗan lokaci, ni na ce ta yi. Sanyin simintin ya ratso takalmina, ga safa biyu a ƙafata. Na tuna yawancin matan da suka zauna nan ko takalmi ba a ba su.

Na zo da zaton labarin manyan 'yan siyasa zan ji. Amma yarinyar ta ce mafi yawan matan da suka ratsa gidan nan ba su taɓa shiga jam'iyya ba. Masu aikatau ne a gidajen Turawa, da masu talla a bakin titi, da masu dafa giyar gargajiya irin burkutu. Ni ba mai goyon bayan giya ba ce, amma da na ji bayanin na gane ba tsoron Allah ne ya sa ake kama su ba. Hukumar gari ce take da gidajen sayar da irin wannan giya, da ribarsu take tafiyar da unguwannin baƙaƙe, saboda haka duk macen da ta dafa tata don ciyar da 'ya'yanta ta zama kishiyar hukuma. Sai kuma babban laifin, rashin fas. Ɗan littafi ne da dole baƙar fata ya riƙe, mai nuna inda aka yarje masa ya zauna da wanda yake yi wa aiki. Dokar 1952 ce ta buɗe hanyar ɗora wa mata shi, kuma ba a soke shi ba sai 1986. Mace ta fito sayen burodi, ta bar jariri yana barci da tukunya a wuta, ɗan sanda ya tare ta, babu fas, sai bayan mota. Wasu da goyonsu aka riƙa kawo su.

Wannan fas ɗin ne ya kawo Albertina Sisulu. A watan Oktoba na 1958 mata suka yi ta fitowa zuwa ofishin fas a tsakiyar gari, 'yan sanda suna kwasa, har waɗanda aka kama suka kusa 2,000. Gidan ya cika ya batse. Cikin waɗanda aka kulle har da Winnie Mandela, matar Nelson Mandela, tana da shekara 22, wata huɗu da aurenta, ga ciki. Na tsaya na yi lissafi irin na aikina: an haifi 'yarta Zenani a farkon Fabrairun 1959, ke nan cikin ya kai kamar wata biyar. A kan wannan simintin jini ya ɓalle mata. Albertina, mai shekara 40 a lokacin, ita ce ta tsaya a kanta, ta lulluɓe ta, ta kwantar da ita, ta kula da ita har jinin ya tsaya.

Na daɗe a wurin ban motsa ba. Na san abin da nake nema in aka kawo mini mace mai ciki wata biyar tana zubar da jini: safar hannu, ƙarin ruwa, abin awon jini, na'urar jin bugun zuciyar jariri, a kira likita, a tanadi wanda zai ba da jini. Na kuma san yadda zuciyata take bugawa ko da duk waɗannan suna hannuna. Ita ba ta da ko ɗaya. Hannunta ne kawai, da iliminta, da muryar da ake kwantar wa mai tsoro hankali da ita, a ɗakin da ko wurin miƙe ƙafa babu. Cikin ya zauna. Yarinyar da aka haifa ta girma har ta zama jakadiyar ƙasarta a Ajantina. Winnie kuwa, da ta fito bayan sati biyu, aikinta na asibitin Baragwanath ya tafi.

Daga nan muka shiga ɗakin da ya fi ko'ina karya mini zuciya. An ajiye kayan fursuna a cikin gilashi, riga da ɗan kwali, sai wani ɗan ƙyalle mai kauri mai hanci a kowane gefe. Ban buƙaci a gaya mini ko mene ne ba. Ƙunzugu ne. Yarinyar ta rage murya, ta ce har zuwa 1976 ba a ba baƙaƙen fursunoni mata kamfai. In mace tana al'ada sai a miƙa mata wannan, ba kamfai ba maɗauri, ta matse shi da cinyoyinta, a haka za ta durƙusa ta goge daɓe, a haka za ta ɗauki bokiti. In ya faɗo, ya faɗo a gaban kowa.

Na ji labarin duka da ɗauri da kisa a wurin nan, amma wannan ɗan ƙyallen ne ya sa ni kuka. Mu da muka taso a gidajen da mace ko shanyar ƙunzugu ba ta yi inda ido zai gani, mun san girman abin da aka ƙwace musu. Wanda ya tsara haka ya san abin da yake yi. Kamfai nawa ne kuɗinsa? Ba tsimin kuɗi ba ne. So ake mace ta fita gidan nan ta kasa haɗa ido da kowa.

Waɗanda suka kawo ƙarshen abin su ne matan da aka tsare bayan boren ɗaliban Soweto na 16 ga Yunin 1976. A watan Agustan shekarar aka kwaso shugabannin mata aka kulle su nan ba tare da shari'a ba, cikinsu akwai Winnie karo na biyu, da Fatima Meer, da Joyce Seroke, da Sally Motlana, da Vesta Smith. Su da yake ba a yanke musu hukunci ba, kayan jikinsu ne na gida, ana kawo musu saƙo daga waje. Da sun so da sun ja bakinsu sun yi shiru, sun ji da tasu damuwar, don kowace ta bar iyali cikin tashin hankali. Amma suna ganin matan da ake turowa su share musu tsakar gida, suka gane halin da suke ciki, suka tasa hukumar gidan a gaba da koke har aka fara raba kamfai. A ganina duk cikin abin da aka rubuta a bangon nan babu gwagwarmayar da ta fi wannan. Manyan mata masu digiri da suna a jarida, suka tsaya kai da fata a kan abin da ko sunansa ba a son ambata, saboda matan da ba wanda ya san sunansu.

Fatima Meer ta ja hankalina, wataƙila don sunanta sunan ƙanwata ne. Musulma ce 'yar asalin Indiya daga Durban, malamar jami'a, kuma shugabar ƙungiyar tarayyar baƙaƙen mata da aka kafa a 1975. Kwana 113 ta yi a tsare. Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Agusta, ke nan a ciki ya same ta, a ciki kuma Sallah ta same ta. Ta samu fenti da takarda ta riƙa zana abin da idonta yake gani, ana fitar da zanen a ɓoye. Suna nan yanzu a wurin. Ba zanen gwanaye ba ne, amma ga matan nan a ciki, a sunkuye, suna wanki, suna jeren karɓar abinci, ga ganduroba a tsaye. Ba a yarda kyamara ta shiga gidan ba, sai ta zama ita ce idon da ya gani ya ajiye.

Akwai farare ma da suka zaɓi wannan hanya. Barbara Hogan ta zauna nan tana jiran shari'a bayan kama ta a 1981, aka yanke mata shekara 10 a 1982 bisa laifin cin amanar ƙasa saboda yi wa ANC aiki, wato ƙungiyar su Mandela da aka haramta a lokacin. A 2008 ita ce ministar lafiya. Joyce Seroke kuwa a 1999 ta zama shugabar hukumar daidaito tsakanin maza da mata, hukumar da ofishinta yake cikin sababbin gine-ginen da aka yi a harabar wannan kurkukun. Sista ta ce, "Ikon Allah. Inda aka kulle ki, nan za ki dawo ki riƙe makulli."

Na tambayi yarinyar batun Winnie, don na san akwai magana. Ba ta kauce ba. Ta ce a ƙarshen 1988 matasan da ke tsaron Winnie sun ɗauke wasu yara, aka kashe ɗaya, Stompie Seipei, mai shekara 14, kuma a 1991 kotu ta same ta da laifin hannu a sace su. Ta ce, "Mama, wadda ta zubar da jini a ɗakin can da wadda aka kai kotu mace ɗaya ce. Mu duka biyun muke faɗa." Na ji daɗin wannan amsa. Shi ma yaron uwa ce ta haife shi.

Muka ƙarasa da Kotun Tsarin Mulki, wadda aka buɗe a 2004 a cikin harabar. An rushe ginin masu jiran shari'a, aka ɗauki bulonsa aka gina bangon zauren da alƙalai 11 suke zama. An rubuta sunan kotun a gaban ginin da harsuna 11, an shimfiɗa fatun shanu a gaban teburin alƙalai, tambarinta kuma mutane ne a gindin bishiya, kamar yadda dagaci yake sauraron ƙara a ƙauyukanmu. Akwai wata siririyar taga a bango da ba ka ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa, ba ka sanin na mai kuɗi ne ko na talaka. Mun shiga ba wanda ya tambaye mu ko su wa muka sani.

Da muka fito la'asar ta yi sanyi, ko abincin rana ba mu ci ba. A Fordsburg muka sayi biryani rand 90, na ci loma kaɗan na rufe. Washegari muka je Soweto, muka ga gidan Mandela mai lamba 8115 a titin Vilakazi da wurin tunawa da Hector Pieterson, yaron da 'yan sanda suka harbe a boren ɗaliban 1976, amma hankalina yana can kan tudu.

A jirgin dawowa Hajiya Gambo Sawaba ce a raina. Tun tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU, ta shugabanci mata a Sabon Garin Zariya, ta sha duka, ta sha ɗauri har ana lissafa sau 16, a kan a bar matan Arewa su yi karatu su jefa ƙuri'a. Ba a ba matanmu ƙuri'ar ba sai 1976, shekarar da su Fatima Meer suke faɗan kamfai. Ta rasu a 2001. Sunanta yana kan asibiti a garinmu, ina wucewa ta gabansa, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wane irin ɗaki aka kulle ta ba, ko su wa ta tarar a ciki, ko wa ya lulluɓe ta ranar da ba ta da lafiya. Sai da na je wata ƙasa na tsaya a kan simintin wasu matan sannan tambayar ta zo mini.

Da magariba muka iso Zariya. Bayan an gama rabon tsaraba, ganyen shayin rooibos da barguna biyu da alewar yara, na zauna gefen tabarmar Inna ina nuna mata hotuna a waya. Da na ambaci Gambo sai ta gyara zama. Ta ce tana yarinya ta gan ta sau ɗaya a kasuwar Sabon Gari, mata suna binta da guɗa. Ta ce Kaka ma 'yar NEPU ce a ɓoye, a ƙarƙashin jeren kwallayenta take ajiye katin jam'iyya mai tauraro, ko Malam bai sani ba. Shekarata 44 a duniya, ban taɓa jin wannan ba sai daren nan.

Muka zo kan hoton ƙyallen nan. Ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da ido.

"Wannan ba ƙunzugu ba ne?"

"Shi ne, Inna."

"Ina maɗaurin?"

"Babu. Kamfai ma ba a ba su."

Ta yi shiru, ta ajiye wayar a kan tabarma a kife. Can sai ta kwance bakin zaninta, ta ƙirgo naira 5,000 cikin kuɗin da yayana yake aiko mata, ta ce in ƙara da nawa in sayi audugar mata da kamfai da sabulu, in nemi hanyar da ake bi a kai wa matan da ke tsare a nan garin. Na ce to, Inna.

Na rubuta takardar neman izini, an ce in zo ran Alhamis da ƙarfe goma. Kwalin yana nan bakin ƙofar ɗakina. Kamfan dozin biyu ne, na haɗa manya da ƙanana, na kuma sa zannuwan goyo uku a sama ko da akwai mai jariri.